Wake Biyu, Masara Ɗaya

A gidanmu na New Bell, da an idar da magariba sai kakarmu Dada Asabe ta jawo murhun gawayi ƙarƙashin rumfar kwano, ruwan Douala na ta dukan rufi. Ba ta fara tatsuniya sai ta jera ƙwayoyi a faifai: wake biyu, masara ɗaya, wake biyu.

"To, me ke biye?" In ka yi kame-kame sai ta harare ka. "Idon nan naka na ado ne?"

Tatsuniyar da ta fi zauna mini a rai ita ce ta yarinyar da za ta ƙetare kogi ta kai wa uwarta magani. Duwatsun mashigin a jere suke: fari, fari, baƙi. Kada ya zo ya lafe a tsakani, ya fito da bayansa kamar dutse. Yarinya na takawa tana rera jerin da baki, sai ta ga baƙi ya biyo fari ɗaya tak. Ta daka tsalle ta wuce shi. Kada ya wuni da yunwa.

Daga nan Dada takan turo mana faifan. "Nawa ya ƙare. Kowa ya ƙirƙiro nasa." Komai shirmen jerinka, in dai yana komawa inda ya faro, ta karɓa.

Haka na koya wa 'yata Zulai. Bana, a lekol, wato makarantarsu ta Bépanda, aka ba su zane su shafa launi: ja, shuɗi, ja, shuɗi. Zulai ta gama layin madam, malamarsu, ta juya bayan takarda ta yi nata: ja, ja, shuɗi, har ƙasa, babu kuskure. Aka sa ta durƙuso a gaban aji, wai ta ɓata takarda.

Washegari na je raina a ɓace. Madam ta ce, "Monsieur, ba a ce ta yi ba."

Na ce, "To wa ya ce kada ta yi?"

Dada ta koya mana gane jeri don mu iya yin namu, ba don mu zama aku ba. Sai yanzu na fahimci hakan.

Jiya na miƙa wa Zulai fensirorin launi da takarda. Ta riƙe su, ba ta taɓa takardar ba. Ta ɗago kai ta ce, "Baba, an yarda?"