Kyafaffen Littafin Baba Garma

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, na fara ganin Baba Garma. Ina zaune a teburina a ɗakin adana tsofaffin takardu, ina manna lamba a jikin kwalaye, sai ga wani gajeren dattijo da ƙunshi a hammata. Warin hayaƙi ya riga sallamarsa isowa.

Aikinmu a lokacin shi ne tattara littattafan da tsofaffin manoma suka bari: ranar shuka, ranar saukar ruwa, abin da aka saya da wanda aka sayar. Kowanne muka karɓa, mukan sa shi a kwali, mu rubuta sunan mai shi a kati, mu ɗora a kanta. Na mahaifin Dogo, maƙwabcin Baba Garma, yana cikinsu, kuma tun da aka ajiye shi Dogo ya hana unguwa sakat da fariya.

"Na marigayi babana ne," in ji dattijon, yana kwance ƙunshin. "A gindin akwati na tsince shi. Ka sa shi sama da na uban Dogo."

Na buɗe a hankali. Takardun sun yi jawur kamar na gaske. Sai dai ni na saba da littattafan manoma. Shafukan damina duk tabon laka ne, na kaka kuwa fayau suke, don mai girbi ba shi da hannun riƙe alƙalami. Kuma ba a rasa ƙorafi: fari, tsutsa, tsuntsaye, ciwon baya. Wannan kuwa ba ranar da aka tsallake, rubutu tsaf, ruwa bai taɓa makara ba. Matsala ɗaya ce tak: duk bayan shafi biyu awakin uban Dogo sun shiga gona.

Na kai wani shafi, na karanta a fili: "Yau an haifa mini ɗa. Da gani zai fi ɗan maƙwabci iya noma."

"Baba, lokacin an haifi Dogo?"

"Tukuna," ya ce, ko gezau. "Babana mutum ne mai hangen nesa."

"Ƙarnin kifin nan fa?"

"Akwatin yana kusa da kicin."

Na cire tabarau na dube shi. Ya dubi silin. Can sai ya jawo kujera.

"To, malam akawu, ka kama ni. Tun bayan girbi nake rubutawa, na rataye shi saman murhu tare da kifi. Uwar 'ya'yana har ta rantse za ta jefa shi a tukunya." Ya shafa gemu. "Babana bai san ko bihim ba. Amma shi ya koya wa uban Dogo raba ruwa a kwari. Yanzu mai rubutu yana kan kanta, mai noma ko sunansa babu?"

Na gaya masa doka ba ta bar ni in karɓi jabu ba. Amma ba ta hana ɗa ya faɗi abin da ya gani a gonar ubansa in rubuta ba, sunan uban a kati, nasa a ƙasa. Sharaɗi ɗaya: da fari da tsutsa, duk sai sun shiga.

"Awakin fa?"

"In da gaske sun shiga."

"Wallahi sun shiga! Sau ɗaya. Amma ka rubuta da manyan baƙaƙe."

Ya riƙa zuwa duk Talata har rani ya ƙare. Daga bakinsa na ji shekarar da irin ya ruɓe a rumbu, da yadda ubansa yake gane ruwa na tafe daga tashin tururuwa. Da muka gama, lambar kwalin ta faɗa a kantar ƙasa, daidai ƙarƙashin na uban Dogo. Ya yi ta faɗa, na nuna masa cewa lamba ba ta san maƙwabtaka ba.

Daga nan ya sake dabara. Yakan zo gaishe ni, ya ce ƙishi yake ji, kafin in dawo da ruwa ya musanya kwalayen. In ya tafi in mayar. Bai taɓa ambata ba, ni ma haka.

Baba Garma ya rasu bara da damina. Kyafaffen littafin yana wajen uwar 'ya'yansa. Kwalin ubansa kuwa yana inda ya bar shi a zuwansa na ƙarshe, a sama.