Almu Na Filin Jirgi Ya Tafi Bai Ga Makka Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, goma sha uku ga Zulƙida 1429, wato 11 ga Nuwamba 2008, Allah ya karɓi ran Malam Almustafa Abbas na Ƙofar 'Yandaka, wanda mutanen Katsina suka fi sani da Almu na filin jirgi. An yi masa sutura bayan La'asar. Ya rasu sunansa na cikin maniyyatan bana, jakarsa a ɗaure, muna jiran jirginmu ya tashi ƙarshen makon nan. Bai taɓa zuwa Makka ba, kuma babu abin da ya fi so a duniya kamar ya je.

Ni taubashinsa ne. Mahaifinsa yayan mahaifiyata ne, a soro ɗaya muka yi wayo, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba. Almu, bari yau in yi magana da kai ba tare da ka katse ni ba, tunda a rayuwarka ba ka taɓa barina na kai ƙarshen zance ba.

Mutane da yawa sun zo gaisuwa suna cewa kai ne mai ba jirgi mai. Ba su yi ƙarya ba, amma ba shi ne ainihin aikinka ba. Aikinka shi ne duba kayan da ake ba jirgin man da su: tankar, famfonta, da dogon baƙin tiyon nan da ake ja daga tanka zuwa ƙarƙashin fiffike. Kai ke cewa wannan ya yi, wannan ya gaji a cire shi. Na sha zuwa in same ka a bakin aiki, na kuma ga yadda kake yi. Sai ka sa a warware tiyon gaba ɗaya a kan kwalta, a kunna famfo ya cika ya yi tauri, sannan ka cire safar hannu ka bi shi da tafinka daga tushe har baki, a sunkuye, kamar mai tsintar gyaɗa. Inda ya yi laushi ka tsaya. Inda ya kumbura ka tsaya. In ka zo wuyansa, wurin da robar ta haɗu da ƙarfe, sai ka lanƙwasa shi ka kai hancinka. Ka ce mini nan ne yake fara mutuwa, domin nan ake ja, nan ne kuma yake gogar ƙasa. Ka ce ido yana ganin tsagar da ta fito fili ne kawai, wadda ke ciki kuwa sai hannu.

Hannun ya biya kuɗin wannan sana'a. Tafinka ya yi kaushi ya tsattsage, ƙanshin man jirgi kuma ya zauna maka har ba sabulun da ke fitar da shi. Nakan ce in kana sahun gaba, wanda ke sahun baya ya san ka zo masallaci. Kai kuma ka ce gara warin mai da warin tsohon ma'aikacin gwamnati da ya gama aiki bai san abin da ya yi ba. Haka muke tun muna yara.

Sai da muka manyanta ka gaya mini dalilin wannan naci. Kana saurayi, kana koyon aiki a wani filin jirgi a kudu, tiyo ya fashe a wuya ana cikin ba da mai. Man ya yi feshi ya jiƙa wani abokin aikinka mai suna Sule, ya kwarara zuwa wajen tayoyin jirgin da ba su huce ba, wuta ta kama. An kashe ta kafin ta ci jirgin, amma Sule bai kwana biyu ba ya rasu. Ka ce kai ka naɗe tiyon nan da safiyar ranar, ka kalle shi ka ga lafiyarsa lau. Ba wanda ya ɗora maka laifi, kai ma ba ka ɗora wa kanka ba. Tsoro ne dai ya shige ka, bai kuma sake fita ba. Masu cewa taurin kai ne da kai ba su san tsoro ne ba, ko da yake taurin kan ma akwai shi, Allah ya gafarta maka.

Ba zan manta da rigimarmu a kan tsohon tiyo ba. Ina da 'yar gona a Batagarawa, na ga an cire wani da kuka ce ya gaji, na ce ka ba ni in riƙa ban ruwa da shi, tunda ruwa ba ya kama wuta. Ka ce to. Washegari ka iso mini da shi a buhu, ka yanka shi gunduwa-gunduwa. Na yi fushi na gaske. Ka bar ni na gama faɗa, sannan ka ce tiyon da aka kashe aka bar shi da tsawonsa, wata rana wani zai wanke shi ya shafa masa baƙi, ya dawo kan tanka a matsayin sabo, kuma ba ka yarda da kowa a kan haka ba, har ni. Guntayen nan da su na kewaye 'yan mangwarona don awaki. Suna nan har yau.

A unguwa ma ba ka bar mutane sun huta ba. Risho ɗin matan gidajenmu duk sun san hannunka. Da janareto ya yawaita, kai ne mai bi gida-gida kana taɓa 'yar robar da ke kai fetur, in ta bushe ka je ka sayo wata ka sa, ka tafi ba ka jira godiya ba. Lokacin wahalar mai, da maƙwabcinmu ya tara jarkoki a ɗakin da 'ya'yansa ke kwana, kowa ya yi shiru don kada a ɓata zumunci. Kai ka je ka zauna a ƙofar gidansa tun safe, ka ce ba za ka tashi ba sai an fitar da su. Ya yi wata uku ba ya gaishe ka. Ranar Talata yana cikin waɗanda suka ɗauki makararka, yana kuka kamar yaro.

A zamanin soja filin jirginmu shiru yake, sai a yi kwanaki ba abin da ya sauka. Ko a lokacin kana warware tiyo kana shafawa, muna yi maka dariya. Da aka koma mulkin farar hula sai ƙananan jiragen 'yan siyasa suka fara sintiri, daga baya kuma aka fara kwasar alhazai daga nan gida. A nan ne jarrabawarka ta fara, Almu. Duk shekara, lokacin da kowa ke shirin tafiya Makka shi ne lokacin da aka fi buƙatarka a ƙasa. Manyan jirage ne, mai da yawa suke sha, ɗaruruwan mutane kuma ke hawa, rabinsu ka san su da suna. Kana tsaye ƙarƙashin fiffike suna wucewa suna ɗaga maka hannu, suna cewa za su yi maka addu'a. Ni na laƙaba maka Alhajin ƙarƙashin fiffike, sunan ya bi ka. Kana dariya in an faɗa. Sai daga baya na lura cewa in jirgin ya ɗaga ba ka komawa ofis nan da nan, kana tsayawa ka bi shi da ido har ya ɓace.

Shekara uku da suka wuce kujera ta zo maka har gida. Kansilan mazaɓarmu, wanda ka taɓa yi wa mahaifinsa hidima, ya samu kujeru ya ba ka ɗaya. Ranar na ga haƙoranka duka. Hajo, matarka, ta fara soya maka dambun nama tun ba a sa rana ba. To, ana saura makonni kaɗan a fara tashi, ka bi babban tiyon da hannu ka ji ya fara laushi a wurare biyu. Ka kai rahoto, kamfanin da kuke wa aiki ya ce an yi odar sabo, yana hanya. Ka yanke inda ya lalace ka sake ɗaura bakin, aka gwada ya riƙe. Amma ka ce irin wannan sai an bi shi kafin kowane jirgi da bayan kowane jirgi, ga shi Sammani, mataimakin da aka kawo maka, bai fi wata huɗu da fara aiki ba. Sabon tiyo bai iso ba har aka kira maniyyata sansani.

Na zo na same ka a soro, na yi maka magana mai zafi. Na ce aikin kamfani ne ba na ubanka ba, kuma kujera ba kullum take zuwa ba. Sai ka ce:

"Iro, in na tahi, jirginmu dai ni na duba shi. Na bayanmu hwa? In ina ɗawahi hankalina na kan tiyon nan, wane hajji na yi?"

Ka roƙi kansila ya mayar da kujerar ga yayarka Indo, aka yi ta kai da kawo har aka samu. Kai ka ba jirginta mai. Da yamma ka zo gidana ka ci tuwo, ni kuwa ranar ban tsokane ka ba. Sabon tiyon ya iso bayan Sallah. Babu abin da ya faru a shekarar, ba ɗigon mai da ya zuba, don haka ba wanda ya san abin da ka bari sai mu na gida. Har yau akwai masu cewa da ka tafi ma ba abin da zai faru. Mai yiwuwa ne. Kai ma ka ce mai yiwuwa ne.

Daga nan ka duƙufa a kan Sammani. Ba shi da ƙyuya, mutum ne mai iyali, mai hankali, amma ka ce yana duba tiyo kamar mai duba kaya a kasuwa. Ka sa shi ya riƙa bi a gabanka kana bi a bayansa, har ranar da ya tsaya a wani wuri ya ce nan ya yi laushi, ka taɓa ka ji haka ne. A daren ka aiko a gaya mini in shirya, bana za mu tafi tare. Da guminka ka biya wannan karon. Ni na sauke farali tun tuni, na biya ne don in raka ka, in kuma ga idonka ranar da za ka fara ganin Ka'aba. Ka fi kowa zuwa bita. Ka haddace addu'o'in da ni da na je ban iya ba, kana yi mini gori.

Ranar Litinin, kana hutu, ka ce za ka leƙa filin jirgi ka yi sallama. Sammani ya ce mini ba sallama ka je yi ba, tiyo kuka warware a cikin rana, kuka bi shi tare, ka ce masa ya yi, ka damƙa masa. Ka dawo gida kana riƙe da ƙirji, ka ce gajiya ce. Da asuba muka kai ka asibiti. Kafin rana ta yi zafi ka cika, kalmar shahada a bakinka, hannunka cikin nawa.

Da za a yi maka wanka muka aika a sayo likkafani. Sai Hajo ta aiko a kira ni ƙofar ɗaki. Ta kwance jakar da ta ɗaure maka da hannunta, ta ciro haraminka, fari ƙal, ta miƙo mini ta bayan labule.

"Yaya Iro, ku sa mashi wanga. Sau ɗaya ya ɗaura shi, don in gani ko ya iya."

Muka tambayi liman ya ce babu laifi. Muka ƙara ƙyalle ɗaya a kai. A cikinsa muka kai ka. Na riƙe kaina tun daga asibiti, amma a nan na kasa, ban kuma ji kunyar kowa ba.

Jiya na koma wurin liman da wata tambayar. Ya ce tunda na riga na yi nawa, ya halatta in yi wannan a madadinka. To Almu, ranar Asabar zan hau jirgin, Sammani zai ba shi mai. In mun isa mikati, da sunanka zan ɗaura niyya. Ban so haka ba. Na so in tsaya a gefenka ina yi maka dariya kana kuka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajo, da 'ya'yansa Abba da Sumayya da Rahmatu, da yayarsa Hajiya Indo, da Sammani da sauran abokan aikinsa, da jama'ar Ƙofar 'Yandaka baki ɗaya. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, ya tsaya wa abin da ya bari. Duk alhajin da ya tashi daga Katsina a shekarun nan ya sauka lafiya, ina roƙonsa ya sa Almu a addu'a ko da bai san shi ba.

Ya Allah, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka sanyaya masa makwanci, ka tsare shi daga wuta kamar yadda ya ƙare rayuwarsa yana tsare bayinka daga ita. Ka san niyyarsa fiye da mu. Ka karɓi abin da zan yi dominsa, ka tashe shi cikin mahajjata. Amin.

Iro Usman
Ƙofar 'Yandaka, Katsina