Hannuwan Jabez

Tabitha Ibbotson ta yi shekara talatin da ɗaya tana wanki a gidan Lord Aldersyke, wani basarake a arewacin Yorkshire, ba ta taɓa taka ɗakin cin abinci ba. Iyakar mai wanki gindin matakala. Mijinta ya mutu da wuri, ya bar ta da ɗa ɗaya, Jabez, wanda ya girma ya zama bara a gidan.

A shekarar 1768 aka ɗauko mai zanen hoto daga York don ya zana Lord. Lord ya zauna masa sau uku, aka gama fuska, ya ce ya gaji, ya tafi farauta. Haka manya ke yi. Sai aka nemo mai tsayinsa, aka samu Jabez, aka yafa masa jar alkyabba, ya yi mako biyar a tsaye, hannu ɗaya kan takobi. Fuska ta Lord, sauran jiki na ɗan mai wanki. Aka rataye hoton a ɗakin cin abinci.

Da sanyi ya shigo, agana ta ɗauke Jabez. Ni ne limamin cocin ƙauyen, ni na binne shi, kwana tara bayan na binne ɗiyata Lettice. Daga nan Tabitha kan zauna a bencin baya ita kaɗai bayan kowa ya watse. Ba mu cika magana ba.

Bayan shekara shida ta tare ni a ƙofar coci.

"Malam, an ce ran Talata za a kai hoton gidansu na Landan. Ni dai hannuwan nake son gani. Sau ɗaya."

Na sami Crake, shugaban barori.

"Mai wanki a ɗakin cin abinci? Haba Malam! Gobe kuma mai kiwon alade ya ce zai hau gadon Lord."

"Ba ci za ta yi ba."

"To, in an sauke shi ƙasa ai ya zama kaya. Ta zo ta riƙe bargon naɗewa. Amma ta tuɓe takalman nan nata."

Ran Talata da hantsi ta shigo da safa, bargo a hannu. An jingina hoton da bango. Ko kallon fuskar ba ta yi ba, ta durƙusa daidai hannuwan. Farare tas, yatsu zara-zara, har da zobe.

"Ba nasa ba ne," in ji ta. "Yana da tabon ƙuna a nan. Tukunyar wankina ta ƙone shi yana ɗan shekara huɗu."

"Yo Iya, a sa wa Lord tabon tukunya?" in ji Crake.

Ta miƙe, ta ja da baya don ta warware bargon, sai ta tsaya cak.

"Malam, dubi yadda ya karkace. Duk nauyi a ƙafar hagu. Sau nawa na ce masa ya tsaya daidai, ba ya ji."

Crake ya juya. Ya ce wa masu dako su je su duba dawaki. Ta yi kusan rabin awa a tsaye, sannan ta naɗe hoton da kanta, ta soke bakin bargon sosai.

Ta ƙara shekara huɗu tana wanki kafin ta rasu. Sau ɗaya ta sake tada maganar: ta tambaye ni ko ana hura wuta a ɗakin da aka rataye shi, don ta ji an ce Landan da danshi. Na ce mata ban sani ba.