Makullin Da Yaya Ya Riƙe Shekara Tara

Yau shekara shida da rasuwar yayana, Honorabul Alhaji Sabo Tanimu, wanda ya yi zango uku a majalisar jiha da ƙuri'ar mutanen Tudun Wada. Masu yabo sun yi nasu. Ni ba da yabo zan fara ba. Mutumin nan shi ya rufe mini gidan kallon ƙwallo, inda nake samun abin da zan ciyar da iyalina, kuma da hannunsa ya danna kwaɗon.

Ga yadda aka yi. A zangonsa na biyu ya kai ƙuduri a rufe gidajen kallo, wai suna hana matasa sallar magariba, suna koya musu ashar. Abokan hamayya suka ce ai ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya yana da guda a hanyar Kwangila. Maimakon ya kira ni zaure, sai ya zo da rana tsaka, 'yan jarida na biye da shi, ya ce gyara daga gida ake fara shi. Kwaɗon ma ba na hukuma ba ne, na ɗakin ajiyar marigayi Babanmu ne. Ya jefa makullin a aljihu ya shiga mota.

Ƙudurin bai wuce ba. Masu gidajen kallon da suka rufe don tsoro, kafin wata ya zagayo kowa ya buɗe nasa, sai ni. Abokai suka ce in sa guduma. To wa zai fasa kwaɗon ubansa? Na rantse ba zan roƙi makulli ba, shi kuma bai aiko ba. Na koma facin taya a Dutsen Abba. Shekara tara ko a Idi muka haɗu sai kowa ya dubi gabas, ba gaisuwa.

Ni daga aji biyu na bar sakandare, ban san doka ba, amma na san gaskiya ko ta wanda ya cuce ni ce. Yaya bai tare a Kaduna ba, a zauren Baba yake ganin jama'a, kan buzu. Duk sabon abu da aka kawo majalisa sai ya tambayi yadda iyaye suka yi, har 'yan majalisa suka laƙaba masa Alhaji A'a. Da aka so yankar gefen maƙabarta a yi shaguna, ya ce a'a. Da aka so yankar filin wata makarantar mishan wajen Hanwa, ya tsaya tare da fastocinta, ya ce abin da aka tarar ba a taɓa shi. Wannan ta sa ya rasa kujerarsa a zaɓe na huɗu, bai kuwa damu ba.

Yanzu ƙwallon tana cikin wayar kowane matashi, har da cacarta. Nakan tambayi kaina ina Yaya zai samo kwaɗon da zai rufe aljihun kowa. Gara da bai gani ba. An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na yarda ya hango. Amma me ya sa sai da ya taka kaina ya hango?

Abin da ke sanyaya mini rai duk shekara, abu ɗaya ne: na je wurinsa kafin ya cika. Matarsa Hajiya Ladi ce ta bugo mini, ina tsakiyar cire taya, ta ce, "Malam Iro, in za ka zo, yau za ka zo." Saura kaɗan in ce aiki ya yi mini yawa. Zumunta a ƙafa take. Da ban ɗaga tawa ranar nan ba, da yau ban da bakin rubuta wannan. Kwana biyu bayan haka na ɗauki makararsa, kafaɗata ba nauyi.

Ranar da na je ɗin, na same shi a ɗakinsa ya rame ƙwarai. Ya lalubi ƙarƙashin matashi ya miƙo mini makullin, duk ya yi tsatsa. Ya ce, "Iro, kai na jira ka zo ka karɓa."

Na zauna bakin gadon na ce, "Yaya, ka zalunce ni. Ranar nan ba don Allah ka fara da ni ba, don a faɗa a rediyo ne. Na yafe maka duniya da lahira. Amma riƙe makullinka, ƙofar tuni gara ta cinye ta."