Zogalen Inna, nawa da na Rifkatu

Asabar, Saint-Denis

Tun kafin asuba na tashi. Na duba tikiti, na kashe gas, na koma na sake dubawa. Ƙanwata Rifkatu ce ta gayyace ni bikin Ista a birnin Lyon. Kafin in fita na tsaya gaban tukunyar da ke bakin taga. Zogale ne a ciki, daga irin da marigayiya Innarmu ta raba mana a Maraɗi, ganinmu da ita na ƙarshe. Nawa ya zubar da ganye tun farkon sanyi, ya zama sanda.

"Baban Ishaya, in za ka fitar da shara ka haɗa da wannan," na ce wa maigidana. "Na gaji da ganinsa."

Metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya kai ni tasha, jirgin ƙasa ya ɗauke mu wajen awa biyu. Ta taga itatuwa duk sun yi toho, gonaki sun yi fure ruwan ɗorawa. Ni kuwa hoton da Rifkatu ta turo nake kallo: zogalenta kore shar. Ko barka ban yi mata ba.

Lyon

Ta tarye ni da murna. Muka biya unguwar Guillotière sayen kifi da yaji, sannan metiro da bas zuwa gidanta a Vaulx-en-Velin. Ga zogalenta nan a falo, har ta tsinki ganyensa ta zuba a miya.

"Yaya, naki fa?"

"Yana nan."

Miyar ta ƙi wuce mini. Zuciyata tana cewa Inna ta zaɓa wa autarta iri mai kyau, ni ta ba ni ragowa. Kuma ga ƙarya na yi. Da wace fuska zan karɓi Jibin Ubangiji gobe?

Lahadi

A ƙofar majami'a na kasa daurewa. "Nawa ya mutu, Rifkatu. Ke aka zaɓa wa mai kyau."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Yaya sarkin zargi! Daga hannu ɗaya Inna ta zuba mana. Nawa ma sanda ne har watan jiya. Kin kankare ɓawon da farce kin gani?"

Sai na tuna na ce a jefar da nawa. Na kira Baban Ishaya, wayarsa a kashe. Ana waƙar Almasihu ya tashi, ni ina tunanin motar shara. Na roƙi gafara, na karɓi gurasa.

Litinin, gida

Na shiga ko jaka ban ajiye ba. Bakin taga wayam.

"Duba bayan ƙofa," in ji maigida. "Yau na san ki? Abin da kika ce a jefar da safe, da yamma kike nema."

Na sa farce na kankare. Kore ne a ciki, da danshinsa. Na durƙusa nan na gode wa Ubangiji da Ya kai ni Ya dawo da ni lafiya, bai kuma biye mini ba. Na Rifkatu dai ya fi nawa tsawo. Wannan ƙyashin ina kan addu'a a kansa.