Takalmin Goggo

Ko zan manta komai, ba zan taɓa manta ranar da tsohuwa ta tsere mini a guje ba.

Goggo ƙanwar babana ce. Lokacin da 'yan bindiga suka shiga ƙauyenmu, kwana uku ta yi a daji ba takalmi. Da muka ɗauko ta daga sansanin 'yan gudun hijira na Malkohi zuwa gidanmu a Jimeta, sai ta ƙi cire takalmi sam. Da shi take cin abinci, da shi take hawa tabarma. Ni kuwa takalmi nake sayarwa a kasuwa, sai na samu abin tsokana: "Goggo, da kowa irinki ne, ai da na gina bene!"

Wata ma'aikaciyar asibiti da muke kira Sista ce ta shawo kanta. Duk Laraba mata kan taru wajenta su yi magana, wasu ta ba su magani. Ni a ganina hira ce kawai. Amma a hankali Goggo ta fara barin takalminta a bakin ƙofa.

Kwatsam aka ce an janye tallafin da ake ba wurin, aka rufe shi. Har da cewa na yi, "To, ai hira ko a gida ana yi." Ni da bakina! Ba a jima ba takalmi ya koma ƙafa.

Ranar sunan 'yata, gida cike da mata, tayar wata tirela ta fashe a titi. Kafin in ajiye goron hannuna, Goggo ta yi waje kamar yarinya. Na bi ta da babbar riga, silifas ɗina ya tsinke, na ƙarasa ƙafa ƙasa, ni mai sayar da takalmi. A bayan wani shago na same ta, a tsugune.

"Sun tafi?" ta ce.

"Goggo, taya ce fa."

Ta dubi ƙafata. "Kai, ina takalminka? Haka za ka shiga daji?"

Nan dariya ta ƙare mini. Kunya ta kama ni, na yi kuka.

Mun sha zirga-zirga zuwa asibiti a Yola, likita ɗaya, layi har waje, kafin ta samu sauƙi. Na koyi cewa ciwon da ba a gani shi ma mai magani yake so, kuma abin da na raina na kira hira, shi ne yake riƙe da Goggo. Har yau idan na dawo daga kasuwa, kafin in yi sallama, bakin ƙofarta nake fara dubawa.