Malam Halliru da agogon rumfar albasa

Kowace safiya, bayan ya karya, Malam Halliru Jelani yakan ɗaure jakar kayan aiki a bayan babur ya fita daga gidansa a Goronyo. Litinin da Laraba cikin gari yake zagawa, Alhamis ya nufi Wurno, wani satin ya kai har Rabah. Duk inda ya sauka, kafin ya taɓa waya ko ya dubi kyamara, sai ya kwance agogon hannunsa, ya riƙe shi kusa da allon kwamfuta, ya gwada su biyu. Sannan ya rubuta wani abu a ƙaramin littafi. Shekara shida ke nan yana haka. A ƙarshen watan nan zai daina hawan tsani, saboda gwiwa ta ƙi.

Ya yi shekara ashirin da ɗaya yana kula da kwamfutoci a wani ofishin ban ruwa. Bayan ya bar aiki, manoman rani da aka dama da satar injin ruwa da amfanin gona suka fara nemansa ya sa musu kyamara. Tsarinsa ɗaya ne. Yakan samo tsohuwar kwamfutar ofis da aka jingine, ya sa mata manhajar Linux, ya haɗa ta da sola, ya ja waya daga kyamara zuwa gare ta. Ba ya sayen mai tsada. Yana zaɓen wadda ba ta cin wuta, wadda za ta jure zafin watan Afrilu, wadda in ta lalace za a samu kayanta a Sakkwato. Kuma ba ya haɗa ta da intanet. Hoton gidan mutum, in ji shi, gidan mutum ya kamata ya kwana.

Hajiya Uwaliya, wata mai sayar da shinkafa a Wurno, ta ce wannan ne ya sa ta yarda da shi. "Na tambaye shi, Malam, abin ga shina ganin cikin gida? Sai yac ce, Inna, zo ki duba da kanki. Ƙohwar zaure kaɗai ta. Ko igiyar shanya ba ta hito ba."

Amma abin da ya fi nuna halinsa kuskure ne, kuma nasa.

Alhaji Abdulƙadiri dillalin albasa ne, yana da rumfar ajiya a bakin wani ƙaramin layin ruwa a wajen gari. Wata Laraba cikin watan Maris, shekara shida da suka wuce, ya lura buhuna sun ragu. Ya san wurin ba ya zama babu kowa sai lokacin sallar Juma'a, don haka ya koma hoton Juma'ar da ta wuce. Ƙarfe biyu saura, in ji kwamfuta, ga Mode ɗan dako yana fitar da buhuna yana ɗorawa a amalanke. Mode ya shekara goma sha ɗaya yana masa aiki.

Alhaji ya so a zuba hoton a wayarsa ya tura wa 'yan kasuwa. A shekarun nan da 'yan bindiga suka hana ƙauyuka irin su Shinaka sakat, wanda aka kira ɓarawo a kasuwa ba aiki kaɗai yake rasawa ba. Sai dai hoton ba ya fita daga kwamfutar sai da hannun Malam Halliru. Aka kira shi.

Waɗanda suke wurin sun ce ya ishe Mode a tsugune, mutane sun kewaye shi, yana ta faɗin abu ɗaya: "Alhaji, kai kac ce in kai su mota. Ranar Talata ta."

"Talata?" in ji Alhaji. "To injin ma ƙarya shikai? Malam Halliru, kai kas sa shi. Hwaɗa mai in shina ƙarya."

Malam Halliru ya kalli hoton sau uku. Bai kalli Mode ba. Gefen hoton ya tsura wa ido, inda bakin layin ruwa ya ɗan shigo.

"Alhaji, wace rana aka sako muku ruwa ga layin ga?"

"Mi ya haɗa ruwa da albasata? Litinin da Talata. Kowa ya sani."

"Ran Juma'a hwa?"

"Taɓo na, sai awaki."

Ya nuna da yatsa. A cikin hoton, layin cike yake, ruwa na gudu.

Nan take ya gane abin da ya faru. A watan Janairu ɓera ya cinye wayar sola, kwamfutar ta mutu kusan kwana huɗu. Akwai wani ɗan batir cikinta, faɗinsa bai fi maɓallin riga ba, wanda ke riƙe agogo in wuta ta ɗauke. Batirin ya riga ya ƙare. Da aka gyara waya, agogon ya ci gaba daga inda ya tsaya, kuma tunda babu intanet, babu abin da zai daidaita shi. Shi ya gyara wayar da hannunsa. Bai dubi agogon ba.

Yana iya cewa inji ne ya samu matsala, ya tsaya nan. Babu wanda zai gane bambancin. Gidaje da rumfuna fiye da talatin ne suka dogara da aikinsa, kuma maganar da aka yi a rumfar albasa ba ta kwana ba ta kai kasuwa ba. Sai ya miƙe ya ce, yadda kowa zai ji: "Hoton ga na Talata na. Injin bai yi ƙarya ba, ni niy yi sakaci. Mode, ka yahe mini."

Daga nan ya nemo hoton ainihin Juma'ar, ya roƙi kowa ya fita, ya bar Alhaji shi kaɗai da allon. Abin da Alhaji ya gani bai taɓa faɗa ba. Na tambayi Malam Halliru sau biyu, ya ce ba gidansa ba ne.

Mutum huɗu suka cire kyamarorinsa a wannan shekarar. Wani a Rimawa har yau yana ce masa "Malam Juma'a-Talata", shi kuma yana amsawa. A cikin sati biyu ya zagaya duk inda ya taɓa yin aiki, ya canza batir, ya buɗe littafin da yake riƙe da shi har yanzu.

Malam Halliru, kai ne ka yarda sunanka ya ɓaci a kasuwa don kada na ɗan dako ya ɓaci. Kai ne ka koya mana cewa abin da kyamara ta nuna sai an bincika, kamar kowane shaida. Mun gode. Allah ya ba gwiwa lafiya, ya saka da alheri.

Masu wannan sana'a suna ƙaruwa daga Rabah zuwa Goronyo, kuma da yawa sun fi shi sabon ilimi. Abin da za su ɗauka daga gare shi ba shi da wuya: su bar hoton mutane a gidajen mutane, su dubi agogo, in sun yi kuskure su faɗa a inda aka yi zargin.

Mode yana nan a rumfar Alhaji Abdulƙadiri. Duk ranar da babur ɗin Malam Halliru ya tsaya, shi ke fara isowa ya riƙe tsani.